Godiya ga masu wayarin mota na wajen Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum, Maigida, da kai da yaran shagonka.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, saboda aikin da kuka yi wa Peugeot 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Tana cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, kuma yau samun kayan gyaranta na asali sai an sha yawo a kasuwa. Allurar maleji ta daina motsi, ta mai kuwa sai ta ga dama, ga fitilun dashbod sun mutu.

Abin da ya burge ni shi ne yadda kuka ciro allon agogunan. Kafin kowa ya taɓa sukurudireba, ka sa an cire kan batir. Sannan ka zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari ka saki wayar maleji, wadda ke tahowa tun daga giyabos. Duk wanda bai san tsohuwar mota ba, allon zai finciko da wayar a jikinsa, ya tsage robar da rana ta riga ta gasa shekara da shekaru. Kowace waya kun ɗaura mata alama kafin a zare ta, kowane noti an jefa shi a gwangwani. Allon ma a kan tsumma kuka kwantar da shi, ba a kan bonet ba.

Na zo da shirin sayen wani allo, ka ce in mayar da kuɗina aljihu. Ashe silin ƙarfen da ke juyawa cikin wayar maleji ne ya tsinke, sai tsatsa da ta cinye mahaɗar wayar da ke kama jikin mota. Kuka sauya sili da ƙwayayen fitila, kuka kankare tsatsar. Lissafin kilomita kuwa ba ku taɓa shi ba, yana nan yadda Baba ya bar shi, kuma wannan ya fi komai daɗaɗa min rai.

Yaron da ya riƙe maka tocila ma ya cancanci yabo, don na ji kana yi masa bayani dalla-dalla, yana tambaya kana amsawa ba tsawa.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci sana'a. Masu 404 da 505 da na sani duk na yi musu kwatancen shagon.

Naku,
mai farar 504