Wasiƙa ga abokina kan ƙwallon da ke kusa da rami

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya aiki? Ina fata kowa lafiya. Saƙonka ya iso kuma naji daɗi sosai da ka ce ka koma buga pul, wasan nan na jefa ƙwallaye a rami da sanda a kan tebur, bayan dogon lokaci, amma abin da ya tsaya min a rai shine ƙorafin nan naka, wai sai ka jefa ƙwallon da take can ƙarshen tebur a karkace wadda kowa ya gama cire rai da ita, sannan ka zo kan wadda take zaune dab da rami ka ɓarar, har kana tambaya ko hannunka ne ya fara rawa ko ido ne ya rage gani. Ni dai banga alamar ko ɗaya ba wallahi. Hannun da ya jefa mai wuyar ai shine dai ya ɓarar da mai sauƙin, minti ɗaya tsakani. Hankalinka ne yake barin wurin kafin sandar ta taɓa fara, wato farar ƙwallon da ake dukan sauran da ita.

Ka lura da kanka in bugu mai wuya ya zo maka. Zaka zagaya tebur, ka leƙa layin ta bayan ƙwallon, ka goga alli, ka sunkuya a hankali, idonka a kafe kan ɗan wurin da fara zata daka, duk wannan ba wanda ya saka ka, tsoron ɓararwa ne yake tattaro maka hankali wuri ɗaya. To mai sauƙi fa? Tun kana tsaye zuciyarka ta riga ta ƙirga ta cikin waɗanda suka shiga, sai tunani ya koma kan ina fara zata tsaya, wace zan buga bayanta, ya zanyi na isa kan baƙa wadda ake rufe wasa da ita, kana sunkuye a nan amma kanka yana bugu biyu gaba. Shi yasa zaka ga mutum ya ɗago kai kafin sanda ta gama tafiya, ko ya ƙara ƙarfi ba dalili, ko ya daki fara a gefe don ta juya ta je inda yake so, ya manta cewa dukan gefen nan yana ture fara daga layinta kaɗan, kuma yana iya karkatar da ƙwallon da ta daka. Faɗin ƙwallon pul inci 2 da kwata ne, ramin kwana kuma a teburin ƙwararru wajen inci 4 da rabi, kaga kamar ƙwallo biyu a jere kenan, wurin ba shi da yawa kamar yadda ido yake nuna maka.

Kuma kada abin ya dameka kace kai kaɗai ne. A sunuka ma, ɗan uwan pul, wasan ƙarshe na gasar duniya na 1985 a Sheffield ta Ingila, Steve Davis da Dennis Taylor sun kai zagaye 17 da 17, komai ya dawo kan baƙa ta ƙarshe, mutum kusan miliyan 18 da rabi suna kallo a talabijin bayan sha biyun dare, Davis ya samu baƙar a yanayin da ya saba jefawa ba tare da wahala ba amma ya yanke ta da yawa ta ƙi shiga, Taylor ya zo ya jefa ya ɗauki kofi. A 1994 kuma Jimmy White ya ɓarar da baƙa daga kan tabon da ake ajiye ta a zagayen raba gardama da Stephen Hendry, Hendry ya share tebur yaci 18 da 17, kuma wannan ne karo na 6 da White ya kai wasan ƙarshe bai ci ba. Har yau in na tuna na White ɗin nan sai naji ba daɗi. Su kam matsin wasa ne ya haɗu musu, na sani ba irin naka bane sak, amma dai ƙwallon da suka ɓarar ba mai wuya bace a wurin irinsu.

Akwai wata mai bincike a Kanada, Joan Vickers, da ta daɗe tana nazarin yadda idon ɗan wasa yake tsayawa cak kan abin da yake hari dab da zai yi motsi. A 2002 wasu suka gwada wannan kan masu buga pul, suka tarar ƙwararru sun fi daɗewa da kafe ido kafin bugu, kuma bugun da ya shiga yafi wanda aka ɓarar tsawon wannan kafewar, sannan duk sanda bugu ya ƙara wuya sai kafewar ta ƙara tsawo. Wannan na ƙarshen shi yafi jan hankalina, don yana nufin a mai sauƙi ido da kansa yake gajarta zamansa, sai in kai ka tsayar dashi.

Don haka abin da zan ce maka, ka ƙirƙira wa mai sauƙin wuya da kanka. Kada kace ta shiga rami kawai, ka zaɓi tsakiyar ramin ko wane ɓangarensa kake so ta bi, ka zaɓi daidai inda fara zata tsaya kamar faɗin tafin hannu, ka gama duk lissafin nan kana tsaye kana goga alli, in ka sunkuya kuwa shikenan an rufe maganar bugu na gaba. Yawan jan sandar gwaji da kake yi a mai wuya shi zaka yi a mai sauƙi, ka ɗan tsaya kafin ka saki, bayan ka buga kuma ka zauna a sunkuye har kaji ƙarar faɗawarta.

Shi mai wuya matsalarsa daban ce, can tunani ne yake yawa, ka sunkuya kana gyara saiti kana sake gyarawa har kafaɗa ta ƙage. In kaji shakka ta shigo ka miƙe kawai ka sake daga farko, ba abin kunya bane, manyan ƴan wasa sunayi kullum. Wani lokacin ma barin jefawar yafi, ka ɓoye fara inda abokin wasanka zai wahala.

Ba wanda zai iya riƙe hankali a matse tsawon wasa gaba ɗaya fa, in kana zaune abokinka na bugawa ka saki jikinka ka huta, sai ka tashi zuwa tebur sannan ka tattaro shi. Ranar da ka samu tebur kai kaɗai ka jera masu sauƙi zalla guda 15 kace sai ka jefa su duka a jere, in ka ɓarar da ɗaya ka koma farko, zaka ga wajen ta 11 ko ta 12 yadda zuciya take fara bugawa, to wannan yanayin nake so ka saba dashi.

Ka gwada ka faɗa min yadda ta kaya, musamman a ta nawa kake yawan faɗuwa. Ka gaida min mutanen gida da yara duka, Allah ya haɗa mu da alheri.

Naka,
abokinka