Labarin gyaran kicin, daga Gwammaja zuwa Manchesta

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Ingila? Mu nan sai godiyar Allah, hunturu ya fara busawa. Hajiya tana gaishe ka, shekaranjiya ma da na je gida sai da ta tambaye ni yaushe za ka zo ganin gida.

Hotunan kicin da ka turo min ta WhatsApp sun iso, kuma su suka haɗa ni musu da uwargida na kusan sati biyu. Ka ce tunda muna gyaran namu in gwada, in ya yi kyau a yi maka irinsa a gininka na Rijiyar Zaki. To na gwada, sai dai abin da ya fito bai yi kama da hotonka ba.

Tayil ɗin bangon bayan murhu na fara nema. Na shiga Ƙofar Ruwa da wayata a hannu ina nuna wa masu shago ƙananan fararen nan da ake jerawa kamar bulo. Akwai su, na Sin da na Indiya da wanda ake yi a nan gida. Har na fara ciniki, sai uwargida ta kira ta ce kada in biya ko sisi, in karɓo ƙwaya ɗaya ɗaya kala uku in kawo mata. Da na kawo, ta shimfiɗa su a tsakar gida, ta ɗiga wa kowanne manja, ta ƙara da ɗan ragowar miyar kuka, ta ce a bar su su kwana. Da safe ta sa tsumma. Mai santsi da sheƙi ya goge tas. Mai kaushin nan da ya fi burge ni, wanda yake kama da dutse, manjan ya shige ramukansa ya bar jan tabo, har da soso da omo bai fita duka ba. Ban ƙara cewa uffan ba.

Ƙananan kuma ta kawo hujjar da ban taɓa tunani ba. Ba fuskar tayil ke wahalar da mai girki ba, layin da ke tsakaninsu ne. Farin simintin da ake cikewa da shi yana shan mai, kuma iya ƙanƙantar tayil iya yawan layin. Matar da ke suyar ƙosai da awara, ta soya manja kusan kullum, wata uku ya isa layin ya koma ruwan ƙasa. Don haka muka ɗauki manya, santimita 30 da 60, ruwan madara, aka cike tsakaninsu da mai launin toka. Ka riƙe wannan: in za a saya maka, a ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan awon, kuma a duba lambar da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya. Mu kwali ɗaya ya gaza mana, da na koma aka ba ni zane iri ɗaya amma ya fi duhu kaɗan. Yanzu yana can bayan firji yana ɓuya.

Mai tayil ɗin ma sai da muka yi da shi. Ranar farko ya fara ɗaurawa da ido, ba igiya ba lebur, layin ya karkace wajen taga. Na sa ya ɓamɓare tun siminti bai kama ba, yana ta ƙunƙuni.

Sai fitilun rataye. A hotonka guda uku ne na gilashi, a jere a kan teburin tsakiya. Kicin ɗinmu ba shi da teburin tsakiya, yana da fanka kuwa, kuma ka san bazarar Kano, ba mai tsayuwa gaban tukunya ba fanka. In fitila tana sama da fiffiken fanka, hasken sai ya riƙa wal-wal har kai ya yi ciwo. In ta sauko kusa da shi kuma iska ta riƙa kaɗa ta. Na zagaya Faransa Rod a Sabon Gari, na ga irin naka, gwanin sha'awa. Amma gilashi garai-garai a garin nan, kwana uku na ƙura da tururin mai ya dusashe, da damina kuma mai siffar kwano ya cika da ƙwari. Na ɗauki guda biyu masu hular ƙarfe, bakinsu na kallon ƙasa, goga ɗaya sun fita.

Mai wayarin ya so ya rataya ɗaya daidai saman murhu. Uwargida ta ɗauko muciya ta tsaya kamar tana tuƙin tuwo, ta ɗaga hannu, sai ga kan muciyar daidai inda fitilar za ta zauna. Aka matsar da su kan kantar da take yanke-yanke, can nesa da fanka, tazarar santimita 80 daga saman kantar. Kwan fitilar LED ne, wat 9, haskensa ya kai na tsohon kwan nan mai wat 60, don haka in an ɗauke wuta inbata tana riƙe su ba wahala. Ni rawayan haske na so irin na hotonka, ita ta ce da shi ba ta ganin tsakuwa in tana tsintar wake. Muka tsaya a tsakiya, mai lamba 4000K a jikin kwali, ba fari fat ba, ba rawaya ba.

Naka ginin ba a yi silin ba tukuna, kana da sarari. Ka zauna da madam ta faɗi inda take son murhu da wajen wanke-wanke da fanka, ka turo min kafin a rufe bututun waya, don fasa bango daga baya asara ce. In ta nace sai ƙananan tayil ɗin nan, a sa mata su wajen wanke-wanke, bayan murhu a bar manya. Uwargida ta ce madam ta kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu, za ta zagaya da ita kicin ɗin ta bidiyo.

Ka gaida yara.

Naka,
abokinka na Gwammaja