Barka da Kirsimeti daga Gulosta

Mama,

Barka da Kirsimeti, ke da duk mutanen gida. Da fatan kun tashi lafiya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi. Ƙarfe huɗu na yamma nan duhu ya rufe, ga gari tsit kamar an yi mutuwa. Ko bas ba ta fita yau a wannan gari na Ingila, da ƙafa na dawo daga aikin safe a gidan tsofaffi. Sun ba ni naman talotalo da dankali, na ci don kada a ce na raina, amma wallahi ba gishiri ba yaji.

Mama, bari in ba ki labarin abin da ya same ni makon jiya. Na tashi aiki na biyo ta babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa tun 1089 (tamu ta Wusasa ta 1929 da muke taƙama da tsufanta, jikanya ce), sai na shiga don in ɗan ji ɗumi. Na tarar ana sujadar yamma. A nan kusan kullum mawaƙa ke rera ta, bisa littafin addu'a na 1662, kuma ba sa tsallake waƙoƙi biyu na Luka: ta Maryamu a sura 1, da ta tsoho Saminu a sura 2. Ran nan yaran da ke cikin mawaƙan ba su zo ba, maza ne zalla da abin kiɗan nan ogan. Waɗansu ma, ƙarti da gemu, sai su siranta murya kamar 'yan mata, har na leƙa ko an ɓoye wata a baya. A takarda an rubuta sunan wanda ya tsara muryoyin, Herbert Sumsion, makaɗin ogan ɗinsu daga 1928 zuwa 1967.

Da suka fara waƙar Maryamu dariya ta kusa kuɓuce mini. Waƙar mace mai ciki, babu mace ko ɗaya, babu tulu, babu kacau-kacau, babu guɗa! Na ce ina Zumuntar Mata su zo su gani. Kowa na tsaye ƙiƙam, ko tafi babu.

Amma da aka kai ta Saminu, ogan ya yi ƙasa-ƙasa har ina jin sa a tafin ƙafata, masu kaurin murya suka shigo a hankali suna roƙon a sallami bawa lafiya. Mama, muryar Baba ce sak, yadda yake gunjinta a zaure yana goge takalmin Lahadi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Wata tsohuwa ta miƙo mini hankici ba ta ko dube ni ba.

To, ya cincin? Na san jiya kun kai tsakar dare kuna suya, Ladi na yanka, Asabe na ci daga matsami tana cewa ɗanɗanawa take. Na gwada nawa, ya fito kamar tsakuwa. Ko da ya yi kyau, wa zan aika wa? Maƙwabcina ko sunansa ban sani ba. Don Allah kada a manta da kwanon gidan Malam, na san Hajiya za ta mayar da shi da ƙuli-ƙuli.

A gaida Kawu Bulus da iyalinsa, da Baba Fasto. A gaida Danladi, ya riƙa ɗaga waya. Gwaggo Laraba kuwa, a je har ɗakinta a gaishe ta, a tambayi gwiwar, a ce man zafin na nan tafe a Janairu, kuma zanen da ta ɗaura mini ranar tafiya shi nake lulluɓa da shi a kan bargo. Ƙaramar Jummai a sumbace mini ita, an ce haƙoranta biyu sun fita, a turo hoto. Sauran kowa da kowa ina gaisuwa.

In 'yan Zumunta sun fara, a kira ni, ko minti biyu ne a ɗaga wayar sama.

Taki,
Talatu