Baba, ga gaskiyar wasan da nake yi

Munastir, Tunisiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ina gaida Inna, ina gaida Yaya da maigidanta da yara, da Kawu na Ɗan Gulbi, da Gwaggo ta Tibiri idan ta shigo cin kasuwa. Yaya ƙafar taku? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙon muryar da kuka aiko ta wayar Auta ya iso, na saurare shi har sau uku. Na so in kira ku, amma na san da zarar na ji muryarku nauyi zai hana ni faɗin rabin abin da ke raina. Shi ya sa na zauna na rubuta. Auta ya karanta muku a tsanake bayan isha'i, Inna ma tana kusa, don maganar ta shafe ta.

Kun ce samarin unguwa sun nuna muku sunana a waya cikin jerin 'yan wasan tanis na duniya, har mutane suna zuwa rumfarku suna yi muku barka, wai ɗanku ya samu. Sannan kuka tambaya, cikin sanyin murya, in haka ne me ya hana ragon layya bana, kuma ina aka kwana kan kayan ɗakin ƙanwata. Da faɗa kuka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sunan nawa ne, ba ƙarya suka yi ba. Sai dai da Auta ya duba lambar da ke gefen sunan, da ya ga mutum fiye da dubu ne a gabana.

Bari in kwatanta muku da kokowa, tunda ita kuka sani tun zamanin da Kantu ya kawo wa Maradi takobi a 1975. Akwai masu shiga filin takobi, kowace jiha ta turo zaratanta goma, a yi musu kiɗa, a nuna su a talabijin. Akwai kuma 'yan kokowar dandali bayan kaka, waɗanda in sun yi kaye sai a ba su goro da ɗan abin sawa aljihu. To tanis ma haka yake. Manyan gasanninsa huɗu ne, a Ostareliya da Faransa da Ingila da Amurka, kowace maza 128 ke shiga. A ta Faransa, a 2024, wanda aka fitar tun wasan farko ya tafi gida da Yuro 73,000, wato kusan miliyan 48 na sefa. Wanda aka kayar ke nan fa, Baba. Irin labarin da mutane ke ji ke nan. Ƙarƙashin waɗannan akwai wasu gasanni, ƙarƙashinsu akwai wani mataki da ake ce wa Challenger, can ƙasa da shi kuma sai namu, da ake kira M15. Mu ne 'yan dandali.

Lambar 15 ɗin tana nufin dala 15,000, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wannan shi ne kuɗin gasar gaba ɗaya da za a raba wa kowa da kowa. Mutum 32 ke shiga babban jadawali. Wanda ya cinye duka yana samun dala 2,000 da 'yan kai, bayan ya ci wasa biyar cikin mako guda. Wanda aka fitar a zagayen farko yana karɓar dala 150 da ɗoriya, wajen jika 90 ke nan, wato sefa 90,000. Ni kuma yawancin makonni ba kai tsaye nake shiga cikin 32 ɗin ba, sai na bi ta wasannin share fage, inda kai ne ma za ka biya kuɗin shiga, kuma in aka fitar da kai a can ko tamma ba ka da ita.

Jika 90 a Maradi kuɗi ne, na sani. Amma a nan ba ni da ƙungiya kamar 'yan ƙwallon ƙafa, ba ni da albashi, babu mai ɗaukar nauyina. Ɗaki ni ne, abinci ni ne, mota ni ne, magani ni ne. Takalmi a wannan fili mai tauri ba ya wuce 'yan makonni gindinsa ya side. Zaren raket (abin buga ƙwallon), wanda ni nake kira tsirkiya, yana iya tsinkewa a tsakiyar wasa, kuma kowane ɗauri kuɗi ne. Masu hali suna kwana a otal ɗin da filayen suke, da mai koyar da su, da raket shida a jaka. Ni da wasu mutum uku muke haya a cikin gari, ɗaya ɗan Kodebuwa, biyu 'yan Aljeriya, muna dafa taliya da kifin gwangwani. Raket ɗina biyu ne.

Dalilin da ya sa na zauna a Munastir shi ne a nan kusan kowane mako na shekara akwai gasa, don haka ba sai na yi ta biyan jirgi ba. Haka ake yi a Sharm el-Sheikh ta Masar da Antaliya ta Turkiyya. Za ku ga yara daga Rasha, Italiya, Indiya, Japan, kowa da jakarsa a kafaɗa, kowa ya bar gida saboda abu ɗaya: maki. Maki shi ne ke hawar da sunan mutum a jerin nan. Cin gasar M15 maki 15 ne, cin wasa ɗaya a babban jadawali maki ɗaya. Kuma makin ba ya zama, bayan mako 52 sai ya goge, kamar ba ka taɓa samunsa ba. Hukumar tanis ta duniya da kanta ta taɓa ƙirgawa, ta ga a 2013 maza kusan 9,000 ne suka buga irin waɗannan wasanni, kusan 4,000 daga ciki ba su karɓi ko dala ɗaya ba.

Ina so in ba ku labarin ranar da na samu makina na farko, don ban taɓa ba kowa shi yadda ya faru ba. Da hantsi ne, iskar teku tana kaɗawa har ƙwallo na kaucewa in ka jefa ta sama. Babu 'yan kallo, sai alƙali a kan doguwar kujerarsa, da abokin ɗakina, da wani dattijo mai sharar fili da ya jingina da tsintsiyarsa. Babu yaran tsintar ƙwallo, mu ke tsintar abinmu, aikin da na fara da shi a Yamai ina ɗan shekara 13 lokacin da kuka tura ni wajen Kawu. Abokin karawata dogo ne, ya girme ni a wasan nesa ba kusa ba. Ya ci zubin farko, wato kashin farko na wasan, na ci na biyu. A na uku tsirkiyar raket ɗina ta tsinke, na ɗauko na biyun, na san in ita ma ta tafi shi ke nan. Mun haura awa biyu da rabi, jijiyar cinyata ta fara ɗaurewa, gishirin gumi ya yi fari a rigata. A ƙwallon ƙarshe ya buga da ƙarfi, na miƙa hannu na mayar ba tare da na san inda za ta sauka ba, ta taɓa saman raga, ta tsaya kamar tana shawara, ta faɗa ɓangarensa. Na ɗaga masa hannu na ba shi haƙuri kamar yadda al'adar wasan take, muka gaisa, sannan na juya gabas na yi sujada a kan filin nan mai zafi. Abin da ya zo mini a rai a lokacin jajayen awakin Inna ne, guda huɗun da ta sa aka kai kasuwa don a cika mini kuɗin jirgi, har da mai cikin nan da take ji da ita. Na zauna a benci na rufe kaina da tawul na yi kuka. Dattijon nan ya zo ya dafa kafaɗata ya ce mabruk, wato barka.

Washegari aka fitar da ni. Abin da na karɓa bai rufe kashe-kashen wannan watan ba.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na rubuto. Wasanninmu, duk da babu mai kallo, sakamakonsu yana fita a intanet nan take, kuma akwai masu caca a kansu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Kafin Sallah da mako uku ina zaune wurin shan shayi, wani mutum mai tsabtar kaya ya ja kujera ya zauna, ya gaishe ni da Faransanci, ya kira sunana. Ya san lokacin wasana na gobe. Ya san raket biyu gare ni. Ya ce ba ya so in faɗi wasan, zubin farko kawai zan saki, in na ga dama in cinye sauran, shi kuma zai ba ni Yuro 1,000 a hannu. Fiye da jika 650, Baba. Rago da gado da katifa, har da canji.

Ba zan ɓoye muku ba, ban tashi nan take ba. Na yi lissafin a zuciyata, kuma lissafin ya fita daidai. Daren nan ban runtsa ba. Akwai hukumar da ke bin irin wannan, kuma tana korar mutum daga wasan, wani har iyakar rayuwarsa, amma ba tsoronta ne ya hana ni barci ba. Tiyarku na yi ta gani. Tun ina ƙarami ina zaune gefenku a kasuwa, ban taɓa ganin kun buga gindin tiya don ta rage ciki ba, alhali ga masu yi nan kusa da mu, kuma kuna cika ta har gero ya yi tozo. Na tuna ranar da kuka sa na bi wata tsohuwa da gudu har bakin tasha saboda dala ashirin da ta manta. Da asuba na yi salla, gari na wayewa na je na shaida wa babban alƙalin gasar, domin doka ta ce a kai rahoton irin wannan. Na shiga wasan da dukan ƙarfina, aka cinye ni. To wannan shi ne labarin ragon bana. Ku yafe mini, Inna ma ta yafe mini.

Ba zaune nake ba. Na koyi ɗaurin tsirkiya da na'ura, ina yi wa wasu 'yan wasa suna biyana. Masu manyan lambobi sukan ɗauke ni in buga da su awa ɗaya ko biyu don su motsa jiki. Da yamma ina koya wa 'ya'yan baƙi masu yawon buɗe ido. Daga nan ne jika 70 ɗin da zan turo wa Yaya ranar Litinin suka fito, a fara da su kan kayan ɗakin. Wani watan ma in Allah ya yarda zan ƙara.

Mutanen nan suna alfahari da 'yarsu Ons Jabeur, wadda aka haifa a Ksar Hellal, nan kusa da mu. Ta kai ta biyu a duniya, ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon, babbar gasar nan ta Ingila, a 2022 da 2023, kuma ita ma ta bi ta irin waɗannan ƙananan gasanni. Yara mata a nan suna ɗaukar raket saboda ita. Amma ita tana shekara uku ta fara, ni kuwa sai da na shekara goma sha uku, da raket ɗin da wani ya yar. Ba na yaudarar kaina cewa zan kai inda ta kai. Abin da nake so shi ne in san iyakar abin da Allah ya ajiye a wannan hannu nawa, in hau matakin da ke gabana ko da sau ɗaya ne, da tutar Nijar gefen sunana.

Don haka ga roƙona. Ku ba ni daga yanzu zuwa ƙarshen shekara mai zuwa. In lambata ba ta shiga cikin dubun farko ba, na yi muku alkawari zan ajiye gasa, in nemi takardar shaidar koyarwa, aikin da yake da albashi, in ɗauki nauyin da ya kamata in ɗauka tun tuni. Sannan akwai abin da nake ta saƙawa: fili ɗaya tal a Maradi, ko na siminti ne, da raga, da raket goma, inda yaro zai fara yana shekara shida. In kuma kun ga ba za ku iya jira ba, ku faɗa mini kai tsaye, maganarku zan bi.

Masu zuwa barka kuma, ku amsa musu da amin, amma kada ku ci bashi saboda sunan da suka gani a waya, kada kuma ku yi wa dangin ango alkawarin abin da ban turo ba.

Akwai wani ɗalibi ɗan unguwar Zariya ta Maradi da zai dawo karatu garin Susa, nan kusa da mu, ƙarshen wata, Auta ya san gidansu. In da hali Inna ta ba shi ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kuɓewa, na yi kewar miyarta ƙwarai. Ranar Lahadi zan shiga share fage da safe. Ku sa ni a addu'a bayan asuba, ku kuma roƙa mini Malam ya yi.

Wassalam.

Ɗanku mai biyayya.