Kafin a ce inbata ta lalace, a duba wayar saƙo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu haɗa sola da kyamarorin tsaro, musamman yaran da ke koyon aiki a hannunmu, don akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya aka kira ni wata gona a bayan gari, mai gonar har ya fara cigiyar sabuwar inbata wai tasa ta daina tura bayani zuwa kwamfutar ofis, tsakaninsu kamar mita 300. Da na duba wallahi inbata lafiyarta ƙalau, wanda ya yi aikin ne ya ja wayar wuta irin ta gida, ya bi da ita gefen kebul ɗin injin burtsatse, kuma bai sa komai a ƙarshen layin ba.

'Yar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'ura bolt 3.3 ko 5 take fitarwa, ƙarfinta bai taka kara ya karya ba, ita kuma doguwar waya shan caji take kamar kafasita, wato ɗan abin da ke tara cajin lantarki, to kafin saƙon ya isa ya galabaita, ba a gane 1 ba a gane 0. Shi ya sa ake sa ƙaramin ai-si, wato ɗan guntun kayan lantarki mai ƙafafu da ake dasawa a allon na'ura, wanda muke ce wa direban layi, irin su MAX485 mai ƙafa takwas, aikinsa kenan ya tura saƙon da ƙarfi cikin wayar. Tsarin da yake bi shi ne RS-485, tun 1983 aka fitar da shi a Amurka. Waya biyu ce, A da B, in ɗaya ta hau ɗayar sai ta sauka, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake dubawa, milibolt 200 ma ya ishe shi. Duk hayaniyar da janareta ko injin ruwa ya watso takan faɗa kan wayoyin biyu daidai wa daida sai ta soke kanta, amma fa sai in wayoyin a murɗe suke da juna kamar igiya, nan ne mutanenmu ke yin ganganci don tsimin kuɗi. Tsohon tsarin tura saƙo na RS-232 da ƙyar yake wuce mita 15, shi kuwa wannan yana kai mita 1200 in ba a matsa masa da gudu ba, kuma layi ɗaya na ɗaukar na'ura 32.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rashin sa resista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin gudun lantarki, wanda ake auna shi da om. Saƙo in ya kai ƙarshen waya ya tarar da ita a buɗe dawowa yake, kamar ka yi kira cikin rijiya muryarka ta dawo maka, sai ya yi karo da wanda ke tafe. Maganin resista ce mai om 120, ɗaya a farkon layi ɗaya a ƙarshe, ba a kan kowace na'ura ba kamar yadda na ga wasu na yi. Ka kashe wuta ka ɗora mitar awon lantarki tsakanin A da B, in ka ga wajen om 60 to biyun suna nan. Sannan layin ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, kar a yi masa rassa.

A gonar nan waya mai murɗi muka ja, muka nisanta ta da kebul ɗin injin, muka sa resista biyu, kafin la'asar bayani ya fara shigowa. Roƙona Malam Edita, ku ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata da masu sana'ar lantarki za su riƙa bayanin irin waɗannan da Hausa, don yawancin yaranmu ba sa iya karanta takardar da ke zuwa cikin kwali.

Naku,
Wani mai haɗa sola daga Kano