Ƙanena zai ajiye aikin shekara 9 ya koma kiwon kaji

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da duk abokan aikinka na wannan shiri. Don Allah a sakaya sunana.

Ranar Litinin mai zuwa ƙanena zai miƙa takardar ajiye aiki. Na ga takardar da idona, ya buga ta, ya sa hannu, wurin kwanan wata kawai ya bari. Shekararsa 34, yana da mata da 'ya'ya uku, shekara 9 ke nan yana sashen kuɗi na wata ma'aikata, ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba. Wai kiwon kaji zai koma. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce kullum in ya zauna gaban kwamfuta yakan tambayi kansa me yake yi a duniya, kuma ba ya samun amsa. Ya rufe lissafin wannan wata, na wani ya buɗe, babu abu guda da zai nuna ya ce ga abin da hannuna ya yi. Har nan na saurare shi. Amma da na ɗaga murya kaɗan, a gaban matarsa ya dube ni ya ce, "Yaya, rayuwar da ka zaɓa mini nake yi, ka bar ni in gwada tawa." Kwana huɗu ke nan maganar tana ci na.

Malam, aikina ke nan duba lafiyar dabbobi da kaji, don haka ba ƙin sana'ar nake yi ba. Lissafinsa ne bai fita ba. 'Yan tsaki 500 zai ɗauko, na ƙwai. Kazar ƙwai ba ta fara saka sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan kowace ɗaya za ta ci abinci kusan kilo 7. In ka buga, kilo 3,500 ke nan, buhu 140 mai kilo 25, wata huɗu da rabi kana zubawa ba ka ga ƙwai ko ɗaya ba. In sun fara kuma, kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato fiye da buhu biyu kullum, ko an sayi ƙwai ko ba a saya ba. Na karɓi takardar da ya yi lissafi a kai na duba. Abin da ya tara, bayan ginin ɗaki da kwanukan ci da na sha, zai kai shi mako na 12 ne kawai. Daga nan mai kiwo yakan fara rage abinci ko ya haɗa da dusa, kajin su kasa kai nauyin da ake so, su makara wajen saka, in sun saka ma ƙwan ƙanana. Ƙarshenta a sayar da su a wulaƙance. Akanta guda, mai bin diddigin kuɗin wasu, bai sa cefanen gidansa na wata biyar a cikin lissafin ba.

Ban ma taɓo makon farko ba, inda aka fi yin asara. Ɗan tsako na son ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. In sun ji sanyi sai su cure wuri guda su danne juna, da safe ka kwashi matattu a ƙasan tarin. In zafi ya yi yawa su watse gefe, baki buɗe. Sai an tashi cikin dare an leƙa. Ga riga-kafin cututtukan kaji da ake ba su a ruwan sha, Gumboro da Lasota: dole maganin ya zo cikin sanyi, a janye musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, a dama a ruwan da ba shi da kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), su shanye cikin awa biyu. Ka kuskure ɗaya daga ciki, ka ba su ruwa ne kawai. Shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, sai kashin jini. Ƙanena bai taɓa kwana ɗaya a ɗakin kaji ba.

Wanda ya hure masa kunne wani abokinsa ne, dillalin 'yan tsaki, mai ɗora bidiyo a Facebook yana tsaye gaban kiret-kiret na ƙwai yana cewa mai albashi bawa ne. Gonar da yake ɗaukar hoton ma na tabbata ba tasa ba ce. Shi la'adarsa yake ci a kan kowane kwali, ko sun rayu ko sun mutu. Tun suna makaranta ban yarda da yaron nan ba, bai taɓa riƙe abu ɗaya shekara biyu ba. Sai dai in zan faɗi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar zaɓa masa rayuwa kuwa, e, ni na cike masa takardar neman shiga jami'a, ni na rubuta fannin akanta. Lokacin mahaifinmu ya rasu, ni ke ɗauke da gidan, kuma yaron ya iya lissafi, malamansa duk sun shaida. Shi karatun dabbobi ya so, irin nawa, na hana. Na san wahalar da ke ciki, na so a ce ɗaya daga cikinmu ya zauna a inuwa. Laifi ne wannan? Da wannan albashin ya yi aure, da shi 'ya'yansa ke makaranta. Bai taɓa cewa uffan ba sai yanzu, bayan shekara 15.

Kuma ban ce masa kada ya yi ba sam. Na shimfiɗa masa hanya. Ya riƙe aikinsa, ya fara da kajin nama guda 50 a bayan gida, tunda su mako 6 zuwa 8 sun isa sayarwa. Ya yi zubi uku, yana rubuta komai: nawa suka mutu, buhu nawa suka ci, wa ya saya, wa ya ci bashi. Hutunsa na shekara ya je ya yi shi a gonar wani, ya kwashe kashi, ya wanke kwanuka, ya ga ko sha'awar za ta jure warin. Ya ajiye kuɗin cefanen wata shida daban, waɗanda kaji ba za su taɓa ba. Sannan ya nemi hutu ba albashi in ma'aikatarsu na bayarwa, ƙofa ta zauna a buɗe. Wannan ya fi a saki reshe a kama ganye. Ya ce in ya ƙara shekara ɗaya a kujerar nan, ba shi ne zai tashi daga kanta ba.

Na manta ban faɗa ba, wata uku da suka wuce abokin aikinsa da suke teburi ɗaya ya rasu, ba jinya, kuma kafin mako biyu an zaunar da wani a kujerarsa. Matar ƙanena ta ce tun daga nan ya canja. Yana farkawa ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi dawowa. Ya rame, ya ƙara huda a bel ɗinsa. Ƙwallon da yake kallo kamar ransa ya daina, yaran in sun hau jikinsa sai ya sauke su. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Na san a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin gajiyar nan da aiki ke jawowa, mai alamu uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ƙwazo ya ragu. In ita ce, sauya aiki ko hutu na iya taimakawa. Amma na kuma san in baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu, ga rashin barci da rama, likitoci ciwon damuwa suke zargi, shi kuwa bin mutum yake yi duk inda ya je. Mai irin wannan hali ya buɗe ƙofa da asuba ya tarar da tsaki 80 a mace, yaya za a yi?

Da na fara rubutun nan so nake ka gaya mini yadda zan hana shi miƙa takardar. Ko in haɗa shi da kawunmu, wanda ba ya iya yi wa musu? Matarsa ta roƙe ni kada in yi, wai zai ce mun taru a kansa. To ta yaya ake gane mutumin da ya gano abin da zuciyarsa ke so da wanda ciwo ke kora? In na ce mu je asibiti zai ce na mai da shi mahaukaci don ya ƙi bin ra'ayina. In na yi shiru, ga yara uku. In kuma na ce zan taya shi kiwon, tunda ni na san kan abin, kada ya zama na sake karɓe masa linzami. Shin ina bin sa godiya ne, ko shi ke bi na haƙuri?

Jiya na tura masa saƙo na ce ina so mu zauna mu biyu, ba da kowa ba. Ya buɗe, bai amsa ba. Don Allah Malam a karanta wasiƙar nan kafin Litinin.

Naka mai sauraro a kullum.