Kafin a kai na'urar hangen nesa kan dutse, a duba waɗannan abubuwa

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wata magana da ke tasowa a majalisun Katsina duk lokacin duban watan azumi ko na Sallah: wai a sayo ƙatuwar na'urar hangen nesa, a ɗora ta kan wani dutse a wajen Dutsin-Ma, a huta da gardama. Garin da ya haifi Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata ya yi wannan aiki da ka ba.

Masana taurari suna hawa dutse ne don su tsere wa iskar ƙasa, wadda ke ɗauke da tururi da ƙura, kuma motsinta ne ke sa tauraro ƙyaftawa. Cibiyar nazarin taurari ta dutsen Mauna Kea a Hawayi tana kan tsayin mita 4,200, inda numfashi ke wuya, har sai ma'aikata sun yada zango a mita 2,800 jikinsu ya saba. Ta Entoto a Habasha tana wajen mita 3,200. Katsina kuwa ba ta wuce kimanin mita 500 ba.

Madubi shi ne zuciyar aikin. Na babbar na'urar Keck a Mauna Kea faɗinsa mita 10 ne, an haɗa shi daga gutsaye 36 masu kusurwa shida, kwamfuta na daidaita zamansu sau biyu a kowace daƙiƙa. Na na'urar SALT a Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a 2005, gutsaye 91 ne. Fuskar madubin shafen alminiyum ce da ta fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Ba a goge ta da tsumma, don ƙwayar ƙura ɗaya za ta karce ta. Ƙanƙarar iskar kabon ake fesa mata. Idan shafen ya dusashe, sai a sauke madubin, a wanke tsohon da sinadari, a sa shi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska a yi sabo. To, a auna wannan da hazonmu na Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ko faranti aka bari a tsakar gida sai an rubuta suna a kansa da yatsa.

Ƙubbar da ke rufe na'urar ma ba rumfa ba ce kawai. Da rana ana sanyaya cikinta zuwa sanyin da ake sa ran samu da dare, domin in madubi ya fi iska ɗumi ko da digiri ɗaya ko biyu, hoto zai riƙa rawa kamar kwalta da tsakar rana. Ginshiƙin da na'urar ke kai ba ya haɗuwa da daɓen ginin, don kada takun mutum ya girgiza ta. Da laima ta yi yawa, rufewa ake yi kafin raɓa ta sauka kan madubi. Kyamarar da ke ɗaukar hoton taurari kuma ana riƙe ta a wajen digiri 100 ƙasa da sifili, sau da yawa da ruwan naitirojin. In ta ɗumama, hoton ya cika da ɗigo-ɗigo. Wutar da ake ɗaukewa ba sallama ba ta riƙe irin wannan wuri.

Sannan waɗannan ƙattin ba don jinjirin wata aka ƙera su ba. Jinjirin wata yana fitowa ne ƙasa-ƙasa a yamma, dab da inda rana ta faɗi, na ɗan lokaci, kuma ba a karkata babban madubi can. Abin da aikin ke so ƙaramar na'ura ce mai gilashin santimita 8 zuwa 10, da mariƙi mai bin sama da kwamfuta, da kyamara, da sola da batir, da fili buɗaɗɗe ta yamma ba bishiya ba hayaƙi. A saita mariƙin tun daren jiya da tauraron arewa, wanda a Katsina yake wajen digiri 13 sama da sararin ƙasa. Kada kowa ya kai ido kafin rana ta gama faɗuwa, makanta ce nan take. In tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba zai gan shi ba, komai tsadar gilashi. Sanarwa kuma tana nan inda take, wurin Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Duk hukuma ko jami'ar da ke da niyya, ta fara da kafa ma'aunin laima, iska da ƙura a wurare biyu ko uku, ta ƙirga dararen da sama ta yi garau tsawon shekara guda, damina da rani, sannan a zaɓi wurin gini.

Daga mai karanta jaridarku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina